Duwatsun Niƙa Biyar na Jibirin Jalo

Ina Gwarzo a shagon masu kayan inji, ina gwada bel na injina, wayata ta yi ƙara. Mahbub ne, ɗan yayan abokina Jibirin. Ya ce, "Baba Hadi, tun safe muke nemanka. Sai haƙuri, Allah ya yi wa Baba Jibirin rasuwa. Ƙarfe sha ɗaya za a kai shi." Na ajiye bel ɗin a kan kanta, na fita ko sallama ban yi wa mai shagon ba.

Shekara hamsin da wani abu muna tare da Jibirin Jalo. Ni injin niƙa nake yi a ƙauyenmu da ke yankin Durun. Shi kuma iyayensa makiyaya ne da suka zauna, ya tashi yana noma da kiwon 'yan shanu. Kaɗo yake ce mini, ni kuma in ce masa ɗan daji.

A bayan garinmu akwai dutse, a samansa akwai kufan tsohon gari. Manya suna cewa can kakanninmu suka zauna lokacin da ake gudun mahara. Da muna yara akwai ganuwar dutse da ta kai ƙirjin mutum, da gurbin ɗakuna, da duwatsun niƙa goma sha uku a jere a gindin wata kuka, kowanne ya lotsa a tsakiya saboda hannun mata. Jibirin ya san su ɗaya bayan ɗaya, domin a can ya yi kiwo tun yana ƙarami. Babu wanda ya ɗora masa gadin wurin. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya hau da sanda da tsohon buhu, ya ƙirga duwatsun, ya tsince abin da aka zubar.

Abin da ake zubarwar ma kunya ce faɗarsa. Ledoji, kwalaben maganin tari, da bahaya a cikin gurbin ɗakunan da aka haifi iyayen iyayenmu. Ganuwar kuwa mu muka cinye ta da hannunmu. Duk mai ginin ɗaki sai ya tura amalanke gindin dutsen, a gangaro masa da duwatsun harsashin gini. Daga baya aka koma kan duwatsun niƙan.

Wata rana Jibirin ya zo injina fuskarsa a murtuke. Na kashe injin.

"Kaɗo, tashi ka ga aikin danginka."

Ya kai ni bayan gidan wani maƙwabcinmu da ba zan kama sunansa ba. Ga dutsen niƙa mai ɓallin baki, wanda muka sani tun muna yara, an mai da shi murfin masai. Ƙudaje sun rufe shi. Sai da na toshe hanci na ja da baya.

Jibirin ya ce wa mai gidan, "Malam, a kan wannan aka niƙa tuwon da ya raya kakarka."

Mutumin ya yi dariya. "To, ai dutse ne, Jalo. Ko cin sa za ka yi?"

Jibirin ya matsa kusa da dutsen. Ya naɗe hannun riga ya ɗaga shi, muka kai rafi. Ya wanke shi sau bakwai da toka da yashi, ni ina zuba ruwa ina kau da kai. Muka rataye shi a jikin sanda muka hau da shi, muna hutawa. A sama, yana haki, ya ce mini, "Kakanninku ne fa, ba nawa ba. Nawa suna can suna bin saniya. Amma ni nake jin kunyarsu."

Tun daga ranar yara suke kiransa Sarkin Kufai, manya suna tayawa. Bai fasa hawa ba. Duwatsun dai suna raguwa: tara, bakwai, har suka koma biyar.

Da na iso daga Gwarzo an riga an yi masa salla, sai na wuce maƙabarta. Na tarar an sa shi a kabari, ana shirin rufe ƙaramin ramin. A garinmu da itace ake rufewa, sannan a bi da laka. Ban ga itace ba. Amalanken shanu na gani a gefe, da duwatsun niƙan nan biyar a ciki.

Na kama hannun Mahbub na ja shi gefe. "Wa ya sauko da waɗannan?"

"Mu ne, Baba. Itace ya yi wuya, kuma dattawa suka ce ai nasa ne. Tunda yana son su, gara su tafi tare."

Har cikin ransa ya faɗa, idonsa jajir da kuka. Mutanen da ke wurin suna gyaɗa kai, suna ganin an karrama shi. Cikinsu har da maƙwabcin nan mai masai, shi ne ma yake miƙa su. Na ga dutsen nan mai ɓallin baki ya wuce daga hannu zuwa hannu, aka kifa shi daidai ƙirjin abokina. Ba a rigima a bakin kabari, kuma ba a tone mamaci saboda dutse. Na yi shiru, na ɗebi laka na miƙa kamar kowa. Wannan shirun nawa shi ya fi ƙona mini rai har yau.

Juma'ar da ta biyo baya na hau ni kaɗai. A gindin kukar babu komai sai gurbi biyar a ƙasa, ɗaya har an riga an tsuguna a ciki.

Allah ya jiƙanka, Jibirin, ya haskaka makwancinka. Na kasa riƙe abu ɗaya da ka bar mini.

Kwana shida kafin rasuwarsa na je duba shi. Yana kishingiɗe a zaure, ciwon ƙirji yana damunsa, matarsa Asiya ta aiko masa da kunu bai sha ba.

"Kaɗo, Juma'a biyu ban hau ba."

"Dutsen ba zai gudu ba, ɗan daji. Sha kununka."

"Dutsen ba ya gudu, ɗauke shi ake yi. Ka hau ka ƙirga mini."

"Da wannan gwiwar tawa? Ka warke mu hau tare."

Ya kama bakin rigata. "Biyar ne, har da wanda muka wanke. Kada ka bari su sauko da ko ɗaya."

Na ce, "Na ji. Muddin ina garin nan, babu mai taɓa su."