Ranar da Kolonel Ya Ɗauki Albasata

Kolonel ɗan gwaggota ne, ni kuwa ɗiyar kawunsa, don haka tun muna tsirara ni da shi taubasai ne, kuma a al'adarmu ɗan mace bawan ɗiyar namiji ne. Tare muka tashi a Badaguishiri. Shi aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni, ni aka bar ni da lambun albasa. Ya shiga soja, ya yi ta hawa har ya zama kolonel, sannan a zamanin mulkin soja aka ba shi shugabancin ma'aikatar da ke sauraren abin da mutane ke faɗa a ƙasa baki ɗaya.

Ranar da rediyo ya faɗi labarin an yi guɗa a gidan Gwaggo. Kafin wata ya mutu gidan ya koma shiru. Garinmu a kan hanyar iyaka yake, kuma babu gidan da ba a ɓoye jarkar fetur ko turmin atamfar da 'yan duwan, wato kwastan, ba su gani ba. Sai mutane suka yanke cewa duk abin da ya shiga kunnen Gwaggo da safe, da la'asar yana kan teburin ɗanta a Yamai. Matan da ke zuwa aron rariya da gishiri suka ɗauke ƙafa. In ta fito bakin rijiya, hira ta koma ta damina, ko da a tsakiyar rani ne. Tsohuwar da ba ta iya cin tuwo ba tare da gulma ba ta fara ramewa.

"Ɗana ya samu girma, ni na rasa maƙwabta," ta ce mini wata rana, tana share hawaye da gefen zane. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Da ya zo ganin gida, ya zo ne a baƙar mota Fijo, da farar shadda da baƙin tabarau, da samari biyu da suka sa kayan gida wai don kada a gane masu tsaronsa ne, alhali takalmansu iri ɗaya ne kuma suna sheƙi. Ya je majalisar dattawa ya yi sallama. Suka amsa, suka ce lafiya lau, iyali lafiya lau, gwamnati ma lafiya lau. Wani tsoho da ya yi shekara yana zagin haraji ya ce shi bai taɓa ganin haraji mai daɗin na bana ba. Kolonel ya zauna kaɗan ya tashi.

Washegari ranar kasuwa ce. Ina zaune gaban buhunan albasata sai ga shi yana ratsowa, mutane na darewa. Na miƙe na ɗaura gyale a ƙugu.

"Kai bawana! Yaka nan!"

Kasuwa ta yi tsit. Mai nama ya tsaya da wuƙa a sama. Na isa gare shi, na cire tabarau ɗin daga fuskarsa na maƙala a tawa, na tuɓe masa hula. Samarin nan biyu suka zaburo, hannu cikin riga. Ban kula su ba, na dubi Kolonel.

"Mi kaka kallo? Wanga buhu za ka kai min tasha. Ko ka manta wa ta goye ka ranar da jakin Kawu ya kada ka cikin kwata kana kiran inna?"

Ya ɗaga wa samarin hannu suka tsaya. Ya dube ni, ya dubi buhun.

"Uwargijiyata, ba a rage wa bawa kaya?"

"Ba a ragewa. Duƙa."

Ya duƙa. Mai nama da kansa ya taya shi azawa. Kolonel ya miƙe da buhun albasa a ka, ƙasa na zubo masa a farar shadda, ni ina biye da shi da tabarau ina cewa ya yi sauri. Samarinsa suka rasa abin yi, ɗaya ya ɗauki kwandona. Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, daga nan kasuwa ta ɗauka, har masu awon gero suna riƙe ciki.

A tasha ya sauke, yana haki. Ya matso ya ce a hankali, "Kin makara. Tun da anka ba ni aikin nan nike jiran wanda za ya zage ni."

Na miƙa masa hularsa. Tabarau dai ban mayar ba, har yau yana cikin kwallata.

Bayan kwana biyu na leƙa gidan Gwaggo. Tun daga zaure na ji hayaniya. Mata sun cika tsakar gida, ana ba da labarin buhun, kowace da irin nata ƙarin, wata har tana rantsuwa buhu biyu ne. Gwaggo na tsakiya, bakinta bai rufuwa. Da ta gan ni ta jawo ni gefe tana faɗa.

"Dubi abin da kika jawo min. Sun ƙare min gishiri, rariyata ma ban san gidan da take ba."

Tana faɗa tana matse hannuna, ta ƙi saki.