Gawon Inna Tala da Rezon Gidaɗo

A Agiye in an ce Gidaɗo, sai an ƙara da "mai rezo", wato mai haɗa intanet, kafin a gane wanda ake nufi, don akwai Gidaɗo mai awaki, akwai kuma mai kabu-kabu. Namu shi ne siririn nan mai yawo da jakar wayoyi a baya, wanda yana gaisawa da kai idonsa na kan rufin gidanka. A ruga aka haife shi. Ya yi kiwo har ya shekara tara kafin kawunsa ya sa shi lakol, makarantar boko, daga nan ya zarce Maradi, ya yi shekara huɗu a wani shagon intanet yana goge ordinatoci, wato kwamfutoci, da jan waya har hannunsa ya faɗa. Ya iya haɗa na'urorin buro, wato ofis, guda su yi magana da juna, ya ba kowace adireshinta don saƙo ya san ƙofar da zai shiga. Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi da shi: bakinsa bai taɓa furta cewa ya yi kuskure ba. In aiki ya lalace, to ko wuta ce, ko wayar jabu ce, ko wani ne ya taɓa.

Da daminar bara aka ba shi aikin kai intanet ƙaramin asibitin Garin Ɗanbaba. Intanet ɗin ta tsaya ne a buron wata ƙungiyar manoma da ke bakin kwalta, kilomita uku daga garin. Kafin nan Malama Fauziyya, mai kula da asibitin, babur take hawa duk mako ta kai sunayen yaran da aka yi wa rigakafi da jerin magungunan da suka ƙare. Gidaɗo ya kafa eriya a rufin buron, ya kafa wata a rufin asibitin, ya saita su suna kallon juna, don irin wannan rezo ba ya son komai a tsakani. Ya hango daga sama, ya ga hanya fayau, in ban da wasu tsirarun rassa da bai ko damu da su ba. Abu ya yi kyau, Malama Fauziyya ta jingine babur.

Bayan an gama girbi sai rezo ya fara ciwo. Takarda guda sai ta yi rabin yini ba ta tafi ba. Gidaɗo ya zo ya aika ɗan saƙon gwaji, irin wanda ke zuwa ya taɓa ɗaya ɓangaren ya dawo. Cikin goma, huɗu suka dawo. Ya canza waya. Ya bi adireshi ɗaya bayan ɗaya ko an ba na'ura biyu lamba guda, ya tarar komai daidai. Ya auna batirin hasken rana, shi ma lafiya lau. Da ya rasa wanda zai ɗora wa, sai ya ce ma'aikata ne ke kallon fim.

Malama Fauziyya ta dube shi ta ce, "Malam Gidaɗo, mu da ba mu samun lokacin cin abinci?"

A zuwa na uku ne ya sake hawa rufin. Inda da yake hango eriyar buro, yanzu wani ƙaton koren kai ne ya tsaya. Gawo ne. Shi kuwa gawo itace ne mai taurin kai: da damina, lokacin da komai ke kore, sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya kama ya tofo ya cika. Duk yaron da ya taɓa bin awaki ya san haka, balle Gidaɗo da ya girma yana kakkaɓo musu 'ya'yansa. Ya daɗe tsaye a kan rufin, kunya ta rufe shi, ya kuma gode Allah da ba kowa a kusa.

Da ya sauko ya je gaban mai gari, rabin gaskiya ya faɗa. Ya ce itace ne ya tare hanya. Mai gari ya ce ai wannan mai sauƙi ne, zai nemo izinin ma'aikatan gandun daji, ran Asabar a sare.

Gawon a gonar Inna Tala yake, wata tsohuwa da mijinta Chindo ya rasu shekara shida da suka wuce. Ran Alhamis, ana zaune a zauren mai gari ana maganar gatari, sai ga ta da sandarta. Ta gaida mai gari, sannan ta juyo wajen Gidaɗo.

"Kai ne ɗan Hulanin da ya ce a sare? Marigayi tsironshi ya tarar, bai kai kamu ɗaya ba, shekarun da gonakin nan ba ko inuwar da kare zai kwanta. Ya kewaye shi da ƙaya, ya yi ta korar awaki, har da na ubanka." Mutane suka yi dariya. Ta ci gaba, "Amma sun ce don lahiyar yara ne. In haka ne, ku sare. Ku dai hwaɗa mini lokacin, in tahi gidan ɗiyata, kada in ji hwaɗuwarshi."

Da ta zage shi, da ya san yadda zai yi da ita. Amma ta ba da abin da ta fi so ba tare da gardama ba, saboda kuskuren da shi ya yi ya ɓoye. 

Ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, itacen nan bai da laihi. Laihin nawa ne. Da damina na yi awo, lokacin da gawo bai da ganye, kuma na san halinshi tun ina yaro. Ni na mance."

Ba wanda ya taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa. Mai gari ya tambaye shi ko akwai wata dabara. Gidaɗo ya ce akwai: tankin ruwan gari yana gefe, kuma ya fi gawon tsawo. In ya kafa eriya a kansa, saƙo zai fara zuwa can sannan ya karkato asibiti, ya kewaye itacen.

Kwana tara ya yi yana hawa yana sauka. Ya sake raba adireshi, ya sake saiti tun daga farko, mutanen gari kuwa ba su raga masa ba. Duk wanda ya wuce ƙarƙashin tankin sai ya ɗaga kai ya tambaye shi ko yanzu ma ya duba itatuwa. Ya sha tsokana ya haɗiye, ga mamakin kowa har yana dariya. A rana ta tara da hantsi ya aika saƙon gwaji goma, goma suka dawo. Malama Fauziyya ta tura jerin magungunanta, ya tafi kafin ta ɗaga hannu.

A hanyar komawa ya ratsa ta gonar. Inna Tala na zaune a inuwar gawon tana ɓarar gyaɗa. Ita ba ta san mene ne rezo ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ta ce, "Sun bar shi?"

Ya ce, "Sun bar shi, Inna."

Ta ajiye ƙwaryar, ta miƙa hannu ta dafa gindin itacen, ta ce a hankali, kamar mai yi wa marigayi mijinta magana, "To, Malam, ka ji."