Kunnen Baba Nehemiya da Motar Madam Obiageli

Duk wanda ya taɓa tura mota tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san Baba Nehemiya bakanike. Daga wani ƙauye na gefen Zariya ya shigo Kano a jirgin ƙasa, da sifana ɗaya a aljihu. Bai yi nisa da tasha ba ya kafa gareji a gindin dalbejiya, yau shekara arba'in. Shi da kunne yake aiki. An ce in mota ta yi tari a Rijiyar Lemo, yana zaune a bencinsa zai faɗa maka filogin da ya mutu.

Matarsa Mama Biriskila kuwa shekara goma tana fama da shi su koma gida, ga gona ga jikoki, ya daina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Shi kuma ya ce ranar da wata ƙara ta gagari kunnensa, ranar zai rufe gareji ya bi ta. A gaban jama'a ya faɗa, har a ƙofar coci ya maimaita.

Sai ga Madam Obiageli, mai sarin kaya a Kasuwar Singa, da a-kori-kurarta wadda ta girmi 'ya'yanta duka. Ta ce da ta taka birki sai wani abu ya ce ƙwam a baya, kamar an yar da tukunya. Baba ya shiga gaba, suka zaga Fagge sau uku, tana taka birki har wuyansa ya ƙage. Ko ƙis babu. Ya kwance tayoyin baya ya duba birkin, lafiya lau. Washegari ta dawo tana rantsuwa ƙarar ta kusa sa ta fita ta taga. Suka sake zagawa, motar ta yi lamo kamar ba ita ba.

Kwana huɗu ana haka. Labari ya kai gida, Mama Biriskila ta fara zaga maƙwabta tana sallama, fuskar nan kamar ranar Kirsimeti. Baba kuwa abinci ma ya daina wucewa.

Rana ta biyar yana tsaye jingine da bayan motar, ya ga tururuwa sun yi layi suna kwasar sukarin da ya zube a ciki. Ya tambayi Madam ina take kai kayan in za ta zo wurinsa. Ta ce ai sai ta sauke komai a shago take tahowa.

"Haba Baba, in kawo maka katan hamsin na biskit gareji? Wa zai tsare min, kai?"

Ashe sai da nauyi motar take yin ƙarar, shi kuma kullum wayam ake kawo masa ita. Ya roƙe ta ta zo da kaya, ta ƙi. Sai ya tsallaka titi ya kirawo Uchenna mai sayar da kayan gyara, mutumin da in ya hau Keke Napep sai an nemo wani ya zauna a ɗaya gefen don kada ta kife. Ya haɗa da mahauta biyu masu tumbi. Ya loda su a baya, shi kuma ya kwanta tsakanin ƙafafunsu, kunne manne da ƙarfe.

Madam ta ba motar wuta, ta danna birki. Ƙwam. Uchenna ya taho gaba ɗayansa ya zube a kan Baba, mahauta suka biyo baya. Can daga ƙarƙashi wata 'yar murya ta fito.

"Gefen hagu ne. Ku ɗaga ni."

Notin da ke riƙe da sifirin, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, shi ne ya kwance, in an yi lodi aka taka birki sai ƙarfe ya doki ƙarfe. Minti biyar ya ɗaure shi. Aka sake loda su Uchenna don gwaji, wannan karon Baba a gaba ya zauna. Babu ƙara.

A duƙe ya isa gida. Mama Biriskila ba ta ce masa barka ba. Ta dafa ruwa ta gasa masa baya, gashin da ma'aikatan tashar jirgi suka rantse sun jiyo ihunsa.

"Ka ci wannan, Nehemiya," in ji ta. "Amma tsofaffin motoci ba su ƙare a Kano ba."

Da safe ya dogara sanda ya je ya buɗe gareji.