Faɗin Makara

Ƙarar gora ce ta tuna mini da kakana. Masu awo sun zo tsohuwar kasuwarmu ta Karshi suna kafa turaku, sai gorar ɗayansu ta bugi ginshiƙin wata rumfa, ƙwas. Na ajiye almakashina, na kasa ci gaba da ɗinki.

In ka san kasuwar, ka san lungun da ya ratsa ta daga masallaci zuwa tsohuwar maƙabarta. Ba shi da suna. Duk ranar kasuwa da safe kakana yakan riƙe wata gora a gicciye ya bi lungun, ni ina biye. Abin da gorar ta taɓa, kwando ne ko faifai, dole mai shi ya janye. Ba wanda ya naɗa shi. Ya ce tsawon gorar faɗin makara ne da masu ɗaukarta, kuma haka ya tarar ana yi.

Da damina lungun yakan cika da laka da warin daddawa. Matan ƙauye suna sauke sabuwar doya, Fulani suna jera ƙoren nono, kowa na neman inda ƙasa ta bushe. A lokacin ne ake yawan cin hanyar. Akwai wata mai daddawa da ba ta raga masa.

"Baba, yau ma ka zo auna mana hanyar lahira?"

"Ja faifanki, 'yar nan. Kada ranarki ta zo a tsaya da ke ana ciniki."

Takan ja tana dariya. Ta nan aka bi da shi, ta nan aka bi da mahaifiyata, ba a karkata makarar ba.

Bana aka ce za a sabunta tsakiyar gari, a rushe rumfuna a gina shaguna da magudanar ruwa. Ba na ƙin wannan, ruwa ya sha cinye mini yadi. Aka tara mu a filin firamare, wani matashin injiniya ya kafa babban zane. Karatuna a firamare ya tsaya, amma na gane masallaci, na gane maƙabarta. Tsakaninsu shaguna ne a jere, babu ƙofa.

Ni mutum ne mai saƙe-saƙe. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. Na ce ko ni ne ban iya duba zane ba? In na tashi aka amsa mini da Turanci fa? In kuma na yi shiru, ranar da tawa ta zo sai a zagaya da ni ta bakin titi, cikin 'yan acaɓa. Na ɗaga hannu, na faɗi abin da na sani.

Wani ɗan kasuwa daga Mararaba, wanda ke sa ran samun shago a wurin, ya ce, "Tela, wa ke ɗaukar gawa a kafaɗa yanzu? Mota ake sawa."

"Oga, mu nan har gobe a kafaɗa muke kai namu," in ji ladan.

Injiniyan ya ce lungun ba ya cikin taswirar da aka ba su, don irin wannan ne suka kira mu. Ya tambaye ni faɗinsa mita nawa ne. Na ce tsawon gorar kakana. Ina gorar? Na ce gara ta cinye ta tuntuni. Aka yi dariya, na ji kamar in nutse.

Sai wata dattijuwa ta yi magana daga baya, 'yar mai daddawar nan ce. "Gora ta mutu, makarar ma ta mutu ne? Tana nan jingine a masallaci."

Aka ɗauko ta. Muka saɓa ta a kafaɗa babu kowa a ciki, muka shiga lungun, injiniya na biye da igiyar awo. Ba wanda ya tuna ya sanar da 'yan kasuwa. Suna ganinmu suka miƙe suna salati, suka janye kayansu ba tare da an ce musu komai ba. Injiniyan ya auna inda suka buɗe mana.

A sabon zane an bar lungun, an rage shaguna. Mutumin Mararaba ba ya amsa gaisuwata, abin yana damuna. An rubuta wa wurin hanyar masu ƙafa, ba a ambaci makara ba. Tun ba a zuba siminti ba, masu sayar da cajar waya sun fara matso da teburansu.

Na sari sabuwar gora, na gwada ta da makarar, na sake gwadawa. Ran kasuwar da ta wuce na riƙe ta a gicciye na shiga lungun. Ta bugi teburin wata yarinya mai sayar da lemo. Ta dube ni ta ce, "Baba, ina za ka da wannan?"

Na ce, "Ja teburinki, 'yar nan. Ta nan za a bi da ni."