Sakata Goma Sha Biyu

Har yau, in na ji iska ta buga taga, sai hannun damana ya ɗau zogi, daidai inda yatsu biyu suke a da.

Firamarenmu a wani ƙauye take a ƙasar Kiru. Tagoginta na ƙarfe ne, ba ko ɗaya mai sakata. Da bazara, in hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, sai hedimasta ya bi aji-aji yana cewa manyan yara kowa ya kama taga ya riƙe. Mu ne sakatun.

Kakana maƙeri ne. Da ya ji haka, ya ajiye ƙirar fartanya, manoma na jira a ƙofarsa, ya ƙera sakata goma sha biyu ya kai makaranta a buhu. A gabana hedimasta ya shuri buhun.

"Baba, ginin gwamnati ne wannan, ba rumbu ba. Kwashe kayanka."

Tsohon ya sunkuya ya ɗauka.

Bayan sati biyu guguwa ta taso muna darasin lissafi. Taga ta ƙwace mini, ta dawo ta datse mini yatsu. Kakana ne ya goya ni zuwa asibiti, yana kuka kamar mace. Shi kuwa hedimasta cewa ya yi wai wasa nake.

Kada ku ce in yafe. An sha faɗa mini, ban iya ba.

Yanzu ni nake zagaya makarantu kafin damina, ina duba rufi da tagogi, ina koya wa malamai su tara yara tsakiyar aji in iska ta taso. Bara aiki ya kai ni wata makarantar kuɗi a Kwanar Dangora. Mai ita ya fito, ashe hedimastan nan namu ne, duk furfura, yana washe baki. Bai gane ni ba sai da ya miƙo hannu na ba shi nawa.

Tagoginsa da igiya aka ɗaure su. Na ce a rufe makarantar.

"Ranka ya daɗe, a rufa mini asiri," in ji shi.

Na buɗe bayan mota na sauke buhun, wanda na gada tun rasuwar kakana. Sakatun sun yi tsatsa, amma lafiyarsu ƙalau.

"Malam, da hannunka za ka kafa su."

Na ja kujera na zauna. Yara suna kallo ya sunkuya ya ɗauka.