Ranar Da Aka Haska Ni A Maruta

Har yau in na ji ƙarar janareto a bakin kasuwa sai raina ya ɓaci. Jikokina sun ɗauka rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, wani abokina ne ya ja mini.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu, shekarun da kuɗin mai ya shigo, kowane malami ya sayi babur yana hura hanci. Abokin nan nawa tare muke koyarwa, ɗaki ɗaya muke haya, kwano ɗaya muke ci. Shi ya rubuta wani wasan kwaikwayo na tarihi, labarin wani tsohon gari mai ganuwa da mahara suka kasa ci, sai da mai tsaron ƙofa ya ci amana ya buɗe musu. Kowa so yake ya fito a sarki ko barde. Mai tsaron ƙofa kuwa duk aka gudu aka bar shi, sai ni sarkin karambani na ce a ba ni.

Na kuwa iya shi, ba yabon kai ba. In na dafa ƙirji na rantse wa sarki cewa ƙofa tana hannun amana, sai ka ji mata daga baya suna "Allah ya isa!" Amma muna da al'adarmu. In wasa ya ƙare sai in tuɓe rawani, in fito da taguwata ta koyarwa, in durƙusa gaban jama'a in ce, "Wasa ne, rantsuwar nan ba tawa ba ce, ku yafe mini." Wanda ya fito a sarki sai ya ɗago ni mu yi musabaha, a yi dariya a watse. Washegari a kasuwa sai dai tsokana, mai tsire ma ƙari yake yi mini.

Ana nan abokina ya sami canjin aiki zuwa Kano. Ba a jima ba sai ga shi da masu ɗaukar fim, wai za a mai da wasanmu majigi a zaga da shi ƙauyuka. Na ja shi gefe na ce sharaɗina ɗaya ne, durƙuson nan na ƙarshe sai ya shiga. Mutanen garinmu Maruta, can ƙasar Gwaram, ba su taɓa ganin wasan ba, kuma mahaifina mutum ne da ake kira shaida in magana ta rikice.

Ya ce, "Haba Malam, ni da kai? Ai wasan ba ya cika sai da shi."

A gindin duwatsu aka yi aikin. Kai, fim wahala ne! Magana ɗaya sai a ce sake, a kawo injin ɗaukar hoton har bakin hancinka. Wajen rantsuwa suka ce in ɗan yi murmushin mugunta, na yi. Ranar ƙarshe na durƙusa kan dutse mai zafi da tsakar rana, mai ɗauka ya manna ido a injin yana cewa sake, sake, har gwiwoyina suka saɓule. Abokina ya tafa mini, ya ce wannan ya fi na dandali kyau.

Da majigi ya zo Maruta na hau babur na tafi cikin sabuwar riga. Baba ba ya kallon majigi, ni na lallashe shi. Na ce, "Baba, za ka ga abin da ba za ka so ba, amma ka yi haƙuri ka jira ƙarshe." Aka shimfiɗa masa tabarma a sahun gaba bayan sallar magariba.

Tabɗi! A dandali ba mai ganin ƙwayar idona, nan kuwa a jikin ƙyallen majigi fuskata ta kai girman rumbu. Na rantse, na yi murmushin nan. Wani ya ce, "Ɗan gidan Malam ne fa." Aka buɗe ƙofa, gari ya ci wuta, sarki ya faɗi, sai ƙyalle ya yi fari. Mai majigi ya kashe janareto ya fara naɗe waya, mutane suna ta tashi, Baba yana zaune yana kallon ƙyallen. Can ya ce da mai majigi, "Yaro, ina ragowar?" Ya ce, "Baba, ai shi ke nan, ya ƙare."

Mutanen Maruta ba wawaye ba ne, sun san ba wanda ya mutu. Amma rantsuwa sun ji ta daga bakina, ba su kuma ga inda na janye ta ba. Da damina ta kawo rikicin iyakar gonarmu, na miƙe gaban dagaci zan ba da shaida, sai maƙwabcin da muke rikicin da shi ya ce, "A majigi ma ai ya rantse." Aka kwashe da dariya, Baba ya sunkuyar da kai. Da muka koma gida ya ce, "Je ka karɓo ragowar nan a nuna wa mutane."

Na tafi Kano, na sami abokina a ofis, fanka tana kaɗa shi, har ya yi tumbi. Ni duk zatona yanke wurin aka yi aka ajiye. Na ce a ba ni guntun, ko ni kaɗai zan nemi mai majigi ya haska shi a Maruta.

Ya yi dariya har da buga tebur. "Malam, wane guntu? Ai ranar babu fim a cikin injin. Masu aikin sun ce durƙuso yana kashe armashin ƙarshe. Ni kuwa na san halinka, in ba a yi maka haka ba sai ka tayar mana da rigima."

Wallahi da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi. Wato yana tsaye yana kallona ina neman gafara gaban injin da ba komai cikinsa, yana tafi. Ya kira masinja ya kawo mini lemo, sannan ya gyara zama ya ce, "Af, yaya Baba?"

Na tashi ban sha ba. A tasha na zauna har motar Gwaram ta cika ta tashi ta bar ni, don ban san abin da zan gaya wa tsohon da na ce ya jira ƙarshe ba.