Ƙuri'ar Gidanmu Daga Bayan Labule

Tun daga yadda mai bin takardun kamfani ya amsa sallamata na san akwai abin da ya faru. Dattijo ne da ya san ni tun ina rarrafe, kullum sai ya tsokane ni, ya ce Hausata Larabci ya cinye rabinta. Ran nan kuwa ko kai bai ɗago ba. Na ajiye takardunmu a gabansa, ya sa yatsa biyu ya turo mini su.

"Ya binti, ba yanzu ba. Sai an yi zaɓe."

Kwana ashirin ke nan da rasuwar Baba.

Kamfanin nan kakanninmu ne suka kafa shi, mutanen da suka biyo ta Chadi da Sudan suka zo Makka, suka zauna ba su koma ba. Suka haɗa abin hannunsu aka samu wani dogon gida a unguwar Misfala, ana saukar da alhazai a cikinsa. Kowane gida yana da hannun jari, kowane gida ƙuri'arsa ɗaya. A nan Baba ya yi aiki har ƙarshen ransa. Kamfanin ne kafilinsa, mai tsaya masa a wajen hukuma, ni da Inna kuma iƙamarmu, wato takardar zama, a jikin tasa take rataye. Da ya tafi, sai ya zama dole shugaban kamfani ya sa hannu a nema mana sabuwa, in ba haka ba ranar da tsohuwar ta mutu mun zama baƙi marasa izini. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.

A Makka aka haife ni. Kano a bakin Inna na san ta, ita ma a bakin uwarta ta ji. In an ce mu koma gida, ban san ƙofar wa za mu buga ba.

Zaɓen kuwa na kwamitin da ke gudanar da kamfani ne, kuma jama'a sun rabu biyu. Ga Baffa, aminin Baba, wanda ya daɗe yana shugabanci, yana so a bar gidan Misfala yadda yake. Ga Kawu, ɗan'uwan Inna na nesa, yana so a bar harkar masauki a koma motocin ziyara, a riƙa kai baƙi Dutsen Hira da Arfa, har a hau da su Ɗa'ifa su sha iska su ga gonakin furanni. Baba da ransa ba ya son jin zancen. Yakan ce mota ƙarfe ce, bayan 'yan shekaru ta tsufa, gidan nan kuwa a kan matakalarsa ya koyi tafiya. Mutanen Kawu suka fara cewa Baffa da takardun mutane yake sayen ƙuri'a, shi ya sa dattawa suka tsayar da magana: babu wanda za a sa wa hannu sai an gama. Haka namu ya shiga ciki.

Inna tana takaba, ba ta fita. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. Ƙuri'ar gidanmu ta faɗo kaina.

Matar Kawu ta zo mana unguwarmu Ka'akiyya sau biyu. Na biyun ta zauna gefen katifar Inna, tana kurɓar shayi, tana kallona.

"Ke 'yar nan, ramar me kike yi haka? Kamar an hana ki abinci." Ta yi dariya ita kaɗai. "Kawunki ba ya manta wanda ya tsaya masa. Wanda bai tsaya ba kuma, to, ayyuka za su yi masa yawa, kin san shugabanci."

Inna ta ce, "Hajiya, yarinya ce."

"Yarinya mai ƙuri'a, Yaya."

Baffa shi ma yana zuwa, duk Juma'a bayan an sauko. Ba ya shigowa. Daga waje yake tsayawa ya gai da Inna, ya yi wa Baba addu'a, ya rataye ledar burodin tamis mai zafi a marikin ƙofa ya tafi. Bai taɓa ambaton zaɓe ba, bai taɓa ambaton takarda ba. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, ya ce kada ki damu. Bai faɗa ba.

Na tambayi Inna wa zan zaɓa. Ta juya fuska bango ta ce, "Kin san abin da ubanki yake so." Sai ta ƙara, "Kin kuma san halin da muke ciki." Iyakar abin da na samu ke nan.

Bayan la'asar aka yi zaɓen, a zauren ƙasa na gidan Misfala. Ban taɓa halarta ba, kuma na ɗauka takarda ake jefawa a akwati, babu mai sanin na wani. Ashe hannu ake ɗagawa, haka suka gada. Maza suka cika zaure a kan darduma, ni kuma aka zaunar da ni bayan labule tare da tsofaffin matan da suka zo dafa shayi. Da aka ce masu son Baffa su ɗaga, ban ɗaga ba. Da aka ce masu son Kawu, nan ma ban ɗaga ba. Na matse hannuwana a cinya, ina fatan a manta da ni.

Sai na ji mai kiran gidaje ya ce, "Saura gidan marigayi."

Wani ya ce, "Ai hannu bayan labule ba ya ganuwa. Ko ta zuro ƙafa mu ƙirga?"

Aka yi dariya, wani dattijo ya tsawatar. Mai kira ya ce, "'Yata, faɗi da bakinki a ji."

Tsohuwar da ke kusa da ni ta dafa gwiwata. Ta tsagar labule ina hango gefen Baffa, farin gemunsa da carbin da ya daina ja. A ɓangaren Kawu kuwa tun ɗazu na ga hannuwa sun fi yawa, sosai ma. Na san wanda zai riƙe hatimi gobe. Na buɗe baki, muryar da ta fito ba irin tawa ba ce.

"Kawu."

Baffa ne ya fara magana, a hankali, kamar yana amsa gaisuwa. "An ji. A rubuta mata."

Abin da ya fi ci mini rai har yau, ko ban faɗa ba Kawu ya riga ya ci. Ƙuri'ata ba ta ƙara masa komai ba. Na dai tsaya a gidan da Baba ya koyi tafiya na saɓa masa, gaban amininsa, kowa yana ji.

Juma'ar da ta biyo, Baffa bai zo ba. An ce jikinsa ne.

Na jira kiran Kawu, shiru. Na je ofis, aka ce ya tafi duba motoci. Na koma, aka ce yana Ɗa'ifa da baƙi. Na uku na tarar ana sauke gadaje daga benen gidan, ana jibge su a bakin titi, ƙofar mai bin takardu kuma a kulle. Na kira matar Kawu, ta ce, "Haba, khalas, shi ke nan, ki kwantar da hankalinki, ai kin ga hidimar da ke kansa," ta kashe.

Daga nan na daina fita. Takardar ba ta mutu ba tukuna, amma ni na riga na fara zama kamar marar ita. In mota ta tsaya a layinmu, sai na bar abin da nake yi na saurara. In an buga ƙofar maƙwabta, sai na leƙa ta taga. Wata rana na kama kaina ina ninke kayan Inna a jaka, ina tunanin me mutum yake ɗauka in an ce ya bar garin da aka binne ubansa. Inna tana kallona daga kan darduma, ba ta hana ni ba. Wannan shirun nata ya fi komai tsorata ni.

Saura kwana tara, wata Talata da hantsi, ina wanke tukunyar wake, wayata ta yi ƙara. Mai bin takardu ne. Hannuna da kumfa na ɗauka.

"Ya binti, iƙama ta fito. Taki da ta mahaifiyarki. Babu mai taɓa ku."

Na zame na zauna a ƙasan kicin. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na ce, "Don Allah ka yi wa Kawu godiya."

"Wane Kawu?" in ji shi. "Kawunki bai ma buɗe ta ba. Baffanki ne ya sa hannu. Ranar zaɓe, da aka watse, ya ce a ba shi sa'a guda ya kwashe kayansa, don sai washegari zai miƙa hatimi. Ya kira ni ya ce kawo ta marayun nan, yanzu dai babu mai cewa ƙuri'a na saya. Ya hana ni gaya miki, wai kada a sa miki rai kuma hukuma ta ƙi."

"Bayan na faɗi sunan Kawu?"

"Bayan kin faɗa."

Inna ta leƙo daga ɗaki, tana riƙe da bango, tana tambayata lafiya. Na ce mata takarda ta fito, muna nan, ba inda za mu. Ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Sauran maganar ban iya faɗa mata a lokacin ba. Ruwan famfo yana ta zuba a tukunya har ya cika ya malalo, ina kallonsa, na kasa tashi in rufe.